Kashi Nawa Ne Ya Rabu? Lissafin da Ke Tona Halin Asid Mai Rauni

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau a fannin sinadarai za mu yada zango, kuma darasin namu yana da lissafi a ciki. Saboda haka duk wanda ke da hali ya jawo takarda da biro kusa da shi, musamman ɗalibanmu na babbar sakandare da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB. Iyaye da yayye, ku ma kada ku murɗa akwatin rediyonku zuwa wata tasha. Lissafin bai wuce debewa da ninkawa da rabawa ba, kuma sannu a hankali za mu bi shi.

Ga tambayar da ke gabanmu. An narka wani asid a ruwa, an auna, an ce kashi kaza cikin ɗari na ƙwayoyinsa ne suka rabu. Ta yaya za a tashi daga wannan kaso a kai ga lambar nan da ake rubutawa da babban harafin K da ƙaramin a a gindinsa, wato Ka, tsayayyen adadin rabuwar asid? Akwai kuma tambaya ta biyu wadda ta fi ta farkon nauyi. Tunda an riga an san kason, me ya sa sai an wahalar da kai an nemo wata lamba daban?

Bari mu fara da ita kanta rabuwar. Kowane asid yana ɗauke da haidurojin da yake iya saki idan ya shiga ruwa. A littafi akan taƙaita asid da haruffa biyu, HA. H shi ne haidurojin, A kuma shi ne sauran jikin ƙwayar, komai girmansa. Idan ƙwayar ta rabu, H yakan tafi da caji mai alamar tarawa, A kuma ya tafi da caji mai alamar debewa. Waɗannan gutsattsari masu caji su ake kira ayon. Ayon ɗin haidurojin shi ne harshe ke ji a matsayin tsami, shi ne kuma ke cin ƙarfe.

Asid mai ƙarfi, kamar haidurokulorik da ke cikin tumbin mutum yana taimakon narkar da abinci, da ya shiga ruwa kusan duk ƙwayoyinsa rabuwa suke yi. Asid mai rauni kuwa kaɗan ne daga ƙwayoyinsa ke rabuwa, mafi yawa suna nan a haɗe. A wannan rukuni ne yawancin tsamin da muke ci yake: asetik na ruwan khal, sitirik na lemun tsami, tatarik na tsamiya, da laktik na nono da kindirmo.

Sai dai kada wani ya ɗauka cewa 'yan kaɗan ɗin nan sun rabu an gama, saura sun kwanta. A daidai lokacin da wasu ƙwayoyi ke rabuwa, wasu ayon ɗin suna karo da juna suna komawa cikakkiyar ƙwaya. Da farko rabuwa ce ke rinjaye, domin babu ayon da yawa da za su haɗu. Da suka yawaita sai haɗuwa ta ƙaru, har a kai matsayin da yawan masu rabuwa a kowace daƙiƙa ya zo daidai da yawan masu haɗuwa. Daga nan adadin kowane ɓangare ba ya ƙara gaba, ba ya baya, alhali aikin bai tsaya ba. Wannan matsayi shi ake kira daidaito, kuma duk lissafinmu na yau a kansa aka gina shi.

Wannan fahimta ba da sauƙi ta samu karɓuwa ba. A shekarar 1884 wani matashi ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya miƙa kundin digirinsa na uku a jami'ar Upsala, a kan yadda ruwan da aka narka gishiri ko asid a cikinsa ke ɗaukar lantarki. Malamansa ba su ga abin yabo a aikin ba, suka ba shi ƙaramin sakamako. Amma wani masani mai suna Wilhelm Ostwald, wanda a lokacin yake koyarwa a birnin Riga, ya karanta ya ga akwai magana a ciki, har ya yi tattaki zuwa Upsala don su gana. A 1887 Arrhenius ya fito da ra'ayinsa a sarari, cewa irin waɗannan sinadarai suna rabuwa zuwa ayon da zarar sun narke a ruwa, ba sai an jona musu lantarki ba. A 1888 Ostwald, wanda ya riga ya koma Laifzig ta ƙasar Jamus, ya haɗa wannan ra'ayi da dokar daidaito da wasu 'yan Norwe biyu, Cato Guldberg da Peter Waage, suka shimfiɗa tun 1864. Daga wannan haɗi ne lissafin da za mu yi yanzu ya fito. Arrhenius ya samu kyautar Nobel a 1903, Ostwald kuma a 1909.

(Gajeren kiɗa)

To, masu sauraro, yanzu a ɗauki biro.

Abu na farko da za mu daidaita a kansa shi ne ma'auni. Masana sinadarai da mol suke ƙirga ƙwayoyi, kuma yawan mol ɗin da ke cikin lita ɗaya na ruwa shi za mu riƙa kira kauri. Ɗalibai za su ga takardar jarrabawa ta rubuta dm³ a maimakon lita, duk abu ɗaya ne. Mol ɗaya na asid ɗin asetik giram 60 ne. Ke nan idan aka narka giram 6 aka cika ruwa ya kai lita ɗaya, kaurinsa mol 0.10 ne a lita.

Ga kuma ma'anar Ka. A ɗauki kaurin ayon ɗin haidurojin, a ninka shi da kaurin ayon ɗin A, sannan a raba abin da aka samu da kaurin asid ɗin da bai rabu ba. A takarda haka ake rubuta shi:

Ka = [H⁺] × [A⁻] ÷ [HA]

Ku lura, duka ukun nan kaurinsu na lokacin daidaito ake nufi. Abin da ya rabu yana sama, abin da bai rabu ba yana ƙasa. Saboda haka idan Ka ta yi girma asid ɗin yana da karsashin rabuwa, idan ta yi ƙanƙanta rauninsa ya yi yawa.

Misalinmu na farko. Asid ɗin asetik mai kaurin mol 0.10 a lita, a zafin digiri 25 na ma'aunin salshiyas, kashi 1.34 cikin ɗari ne ke rabuwa. Wato a cikin ƙwayoyi 10,000, guda 134 ne kawai suke a rabe a kowane lokaci. Matakai huɗu za mu taka.

Mataki na ɗaya, a raba kason da 100 domin a mayar da shi lamba tsura. 1.34 a raba da 100 ya zama 0.0134.

Mataki na biyu, a ninka wannan da kaurin farko domin a san nawa ne ya rabu. 0.0134 sau 0.10 ya ba mu 0.00134. Wannan lamba aiki biyu take yi. Kowace ƙwaya ɗaya da ta rabu tana haifar da H ɗaya da A ɗaya, don haka kaurin H shi ne 0.00134, kaurin A ma 0.00134 ne.

Mataki na uku, a debe abin da ya rabu daga kaurin farko domin a san saura. 0.10 a debe 0.00134, saura 0.09866. Wannan shi ne asid ɗin da yake nan a haɗe.

Mataki na huɗu, a ninka abin da ya rabu da kansa, a raba da saura. 0.00134 sau 0.00134 ya zama 0.0000017956. A raba shi da 0.09866, sai a samu 0.000018. Ɗigo, sifili huɗu, ɗaya, takwas. A littafi za ku ga an rubuta 1.8 × 10⁻⁵, ma'ana a ɗauki 1.8 a matsar da ɗigon gida biyar zuwa hagu. Duk littafin sinadarai da kuka buɗe a shafin da aka jera waɗannan lambobi, wannan ko wadda ke kusa da ita za ku tarar a gaban asetik, wanda littattafan makaranta kan kira itanoyik.

Bari in maimaita don wanda biro ya tsere masa. Raba kaso da ɗari. Ninka da kauri. Debe daga kauri. Ninka abin da ya rabu da kansa, ka raba da saura.

Yanzu sai tambayarmu ta biyu, kuma nan ne darasin ya yi daɗi. Mu ɗebi wannan ruwan asid ɗin namu mu tsinka shi da ruwa har ninki goma, kaurinsa ya sauko zuwa mol 0.010 a lita. Idan aka sake aunawa, za a ga kason rabuwa ya tashi daga 1.34 zuwa kusan 4.2 cikin ɗari. Asid ɗin dai shi ne, ruwa kawai aka ƙara, amma kason ya ninka sau uku da ɗan wani abu. To mu bi matakanmu mu gani. 4.2 a raba da 100, 0.042. A ninka da 0.010, 0.00042. A debe daga 0.010, saura 0.00958. 0.00042 sau kansa ya zama 0.0000001764. A raba da 0.00958. Me kuka samu? 0.000018. Ita ce dai lambar ɗazu.

Mu ƙara tsinka shi ninki goma, kauri ya koma mol 0.001 a lita. Yanzu kason ya kai 12.5 cikin ɗari. Abin da ya rabu 0.000125 ne, saura 0.000875. A ninka 0.000125 da kansa, a raba da 0.000875, amsar ta sake fitowa 0.000018.

Kun ga abin da ya faru? Kaso ya yi ta yawo, daga 1.34 zuwa 4.2 zuwa 12.5, ita kuwa Ka ko gezau. Kaso labari ne na asid a cikin wani ruwa takamaimai, da an ƙara ruwa labarin ya canja. Ka kuwa halin asid ɗin ce, kuma Hausawa sun ce hali zanen dutse. Abin da ke motsa ta shi ne zafi ko sanyi, shi ya sa kullum ake faɗin zafin da aka yi awon a kai, galibi digiri 25.

Wani zai ce, to me ya sa ƙarin ruwa ke ƙara rabuwa? Ku tuna hanya biyu ce ke aiki. Ƙwaya ba ta buƙatar wata ƙwayar asid kafin ta rabu, ruwan da ke kewaye da ita ya ishe ta. Amma komawa haɗe sai H ya yi kiciɓis da A. Yara biyu da suka saki hannun juna a cikin zaure, kafin su juya sun ga juna. In kuwa a tsakiyar filin Idi suka rabu, sai an sha nema. Haka ƙarin ruwa ke yi, yana faɗaɗa fili tsakanin ayon da ayon, haɗuwa ta yi wuya, ita kuwa rabuwa tana nan tana gudana. Sai daidaito ya karkata zuwa ɓangaren rabuwa.

A nan akwai ramin da ɗalibai da yawa ke faɗawa. Sai su ce tunda kaso ya ƙaru, ai tsami ma ya ƙaru. A'a. Ku duba lambobin da muka rubuta a mataki na biyu. Kaurin ayon ɗin haidurojin ya sauka daga 0.00134 zuwa 0.00042, sannan zuwa 0.000125. A ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a ƙasar Denmak a 1909, wannan na nufin an tashi daga 2.9 zuwa 3.4 zuwa 3.9, kuma hawan pH raguwar tsami ne. Kaso mai yawa na abu kaɗan bai kai kaso kaɗan na abu mai yawa ba. Ruwan khal na kicin, wanda yawanci kashi 5 cikin ɗari nasa ne asid, kaurinsa ya kai kusan mol 0.8 a lita. Rabuwarsa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma ya fi duk ruwan nan uku da muka lissafa tsami, pH ɗinsa wajen 2.4.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna bayani ne a kan yadda ake fitar da Ka ta asid mai rauni daga kason rabuwarsa.

Matakan nan huɗu ana iya dunƙule su a layi ɗaya, kuma haka Ostwald ya yi. Idan muka kira kaurin farko C, muka kira lambar da muka samu a mataki na ɗaya alfa, to Ka ita ce C sau alfa sau alfa, a raba da ɗaya a debe alfa:

Ka = C × α² ÷ (1 − α)

Wannan ita ce dokar Ostwald ta tsinkawa. Wanda ya haddace ta ya huta, amma wanda ya fahimci matakan huɗu ko ya manta ta zai sake gina ta da kansa a ɗakin jarrabawa.

Daga wannan doka ne wata gajeriyar hanya ta fito. Idan alfa ƙarama ce ainun, ɗaya a debe alfa bai da wani bambanci da ɗaya, sai a tsallake mataki na uku gaba ɗaya, a raba da kaurin farko kai tsaye. A misalinmu na farko, 0.0000017956 a raba da 0.10 ya ba da 0.000018, ba a yi asarar komai ba. Amma ku gwada ta a misali na uku, inda kaso ya kai 12.5. Za ku samu kusan 0.000016 a maimakon 0.000018. Kuskuren da gajeriyar hanya ke jawowa daidai yake da girman kason kansa: kaso 1 cikin ɗari, kuskure 1 cikin ɗari, kaso 12.5, kuskure 12.5. Shi ya sa malamai suka sa iyaka, cewa idan kaso ya haura 5 cikin ɗari a bar gajeriyar hanya. Shawarata ita ce, idan an riga an ba ka kason a cikin tambaya, ka yi debewar kawai. Layi ɗaya ne, ba ya cin lokaci.

Yanzu ga misalin da zai nuna haɗarin dogara ga kaso shi kaɗai. Akwai asid ɗin fomik, wanda littattafan makaranta ke kira metanoyik, shi ne wasu nau'o'in tururuwa ke fesawa don kare kansu. A kaurin mol 0.10 a lita, kason rabuwarsa 4.2 ne cikin ɗari. Kun tuna mun ji wannan lamba ɗazu? Asetik ma ya ba da 4.2, amma a kaurin 0.010. Wanda aka miƙa wa kason nan biyu ba a gaya masa kauri ba, zai rantse ƙarfinsu ɗaya. To mu lissafa. 0.042 sau 0.10 ya zama 0.0042. Saura 0.0958. 0.0042 sau kansa, 0.00001764. A raba da 0.0958, an samu 0.00018. Ku ƙirga sifilin da kyau, uku ne a wannan karon, ba huɗu ba. Wato 1.8 × 10⁻⁴. Ka ta fomik ta ninka ta asetik sau goma, alhali kasonsu ya zo ɗaya. Duk wanda ya faɗa maka kason rabuwa bai faɗa maka kauri ba, rabin magana ya yi.

Wataƙila wani yana tambaya, shi kason ta ina ake sanin sa, tunda ba a ganin ƙwayoyin nan da ido? Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce ta su Arrhenius da Ostwald, wato lantarki. Ayon ne ke ɗaukar lantarki a cikin ruwa, ƙwayar da ba ta rabu ba ba ta ɗauka. Sai a auna yadda mol ɗaya na asid ke ɗaukar lantarki a kaurin da ake so, a kwatanta da abin da zai ɗauka da a ce duka ya rabu. Ga asetik mai kaurin 0.10, lamba ta farko wajen 5.2 ce, ta biyu wajen 391. A raba 5.2 da 391, a ninka da 100, sai ga kashi 1.3 cikin ɗari ya fito. Hanya ta biyu ita ce ta na'urar auna pH. Daga pH a fitar da kaurin ayon ɗin haidurojin, a raba shi da kaurin farko, a ninka da 100. Wanda ya bi wannan hanya ma ba ya buƙatar matakai biyun farko, domin kaurin haidurojin ɗin shi ne amsar mataki na biyu.

Bari in ja kunnen ɗalibai a kan kurakurai huɗu da ke cinye maki. Na farko, mantawa da raba kaso da 100. Wanda ya sa 1.34 a inda ya kamata ya sa 0.0134, zai ga abin da ya rabu ya fi abin da aka zuba yawa, saura ya fito da alamar debewa. Da ka ga haka ka san an yi tuntuɓe tun a matakin farko. Na biyu, mantawa da ninka abin da ya rabu da kansa. Ayon biyu ne a sama, H da A, kowanne sai ya shiga lissafi. Na uku, shiga lissafi da giram. Idan tambaya ta zo da giram, a fara mayar da shi mol, a tabbata kuma ruwan a lita aka auna shi. Na huɗu, ɗaukar kowane asid kamar haidurojin ɗaya yake saki. Tatarik na tsamiya biyu yake saki, sitirik na lemun tsami uku, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Kowane saki yana da tasa Ka. Ga sitirik, ta farko wajen 7.4 × 10⁻⁴ ce, ta biyu 1.7 × 10⁻⁵, ta uku 4.0 × 10⁻⁷. Kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta ƙwarai, domin cire haidurojin mai cajin tarawa daga jikin da ya riga ya ɗauki cajin debewa ya fi wuya. Matakanmu huɗu, yadda muka jera su, na asid mai haidurojin ɗaya ne.

(Gajeren kiɗa)

To ina amfanin wannan lamba a wajen aji? Ku ɗauki kwalbar lemo ku karanta jerin abubuwan da aka haɗa ta da su. A kan da yawa za ku ga an ambaci benzowet, wanda ake sawa don kada abin sha ya lalace. A cikin ruwa mai tsami yakan koma asid ɗin benzoyik, mai Ka kusan 6.3 × 10⁻⁵. Sirrin aikinsa shi ne, ƙwayar da ba ta rabu ba ita ce ke iya ratsa jikin ƙwayoyin yis da na funfuna ta hana su yaɗuwa, ayon ɗin kuwa ba ya iya ratsawa da sauƙi. Da Ka a hannu, mai haɗa abin sha zai lissafa ya ga cewa a pH 3, kusan kashi 94 cikin ɗari na asid ɗin yana nan a haɗe, yana aiki. A pH 7 kuwa, abin da ya rage a haɗe bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa wannan sinadari ke amfani a abin sha mai tsami, amma zuba shi a abin da ba shi da tsami ɓarnar kuɗi ce. Irin wannan lissafi masu haɗa magunguna ke yi don sanin a ina magani zai fi shiga jiki, a tumbi mai tsananin tsami ko a hanji.

Kafin mu rufe, ga faɗakarwa. Kalmar rauni a nan maganar rabuwa kawai take yi, ba ta ce komai a kan haɗari ba. Asid ɗin haidurofulorik mai rauni ne a wannan ma'auni, Ka ɗinsa wajen 7 × 10⁻⁴, amma yana cin gilashi, kuma idan ya taɓa fata yana ratsawa ciki ya yi mummunar illa har ga ƙashi. Asetik ɗin da muke ta lissafi da shi, idan tsantsarsa ne ba a tsinka ba, yana ƙona fata. A ɗakin gwaje-gwaje ba a ɗanɗana komai da harshe. 'Yan'uwanmu masu cajin batir kuma, ruwan batir asid ɗin salfurik ne, yana cikin masu ƙarfi. Idan za a tsinka tsantsarsa, asid ake tsiyayawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid, domin zafin da ke tashi yana iya sa ya fantsamo a fuska. Idan ya taɓa jiki ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa a wurin na tsawon lokaci, sannan a garzaya asibiti.

Ga aikin gida. Asid ɗin laktik, a kaurin mol 0.10 a lita, a zafin digiri 25, kason rabuwarsa 3.7 ne cikin ɗari. Ku nemo Ka ɗinsa. Ku yi lissafin sau biyu, da cikakkiyar hanya da kuma gajeriya, ku ga ko bambancin ya kai a damu da shi. Don ku san ko kuna kan hanya, amsar da ta dace ta ninka ta asetik kusan sau takwas. Sannan ku amsa wannan da baki: idan aka tsinka wannan ruwa da ruwa ninki goma, me zai faru da kaso, me zai faru da pH, me kuma zai faru da Ka?

A shiri na gaba za mu warware wannan tambaya tare, sannan mu bi hanyar a juye, wato a ba mu Ka da kauri mu nemo kason rabuwa da pH.

(Kiɗan rufe shiri)